Palet Ɗin Da Ta Je Suna Garhanga

Har yanzu da nake rubuta muku wannan, in na tuna warin nan sai yawu ya tsinke mini a baki. Wadda take cin abinci ta ajiye cokali tukuna, kada ta ce ban gaya mata ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Fiddausiya, a gida Hiddausi ake ce mini. A Tamaske muke zaune, ni da Innata da Goggo Zali, yayar mahaifina, wadda ta dawo gidanmu tun rasuwar mijinta. Baba yana Abijan wajen nema kamar rabin mazan garinmu, muryarsa ce take zuwa gida ta salula, shi kansa sai shekara ta juyo. Sana'ata lalle ce tun ina lakkwal, wato makarantar boko, bara kuma na je Tawa na koyi kwalliyar amare wajen wata mata, Madam Aziza.

A wajenta na fara ganin irin wannan palet ɗin. Ɗan akwati ne shafal kamar littafi, in kin buɗe ga madubi a murfi, ga gidaje a jere, kowanne da kalar hodar da ake shafawa a fatar ido. Akwai masu shuɗi da kore da ruwan hoda, ni dai ba su taɓa burge ni ba, a fatarmu ta mutanen Adar sai su sa mace ta zama kamar an mare ta. Wadda raina ya kama mai kaloli masu ɗumi ce. Akwai kalar jar ƙasar duwatsun Keita, akwai ta ɓawon albasa idan ta bushe, akwai ta shayin farko, da wata mai duhu kamar ƙanzo, sai ruwan zinare guda biyu, ɗaya mai haske ɗaya mai nauyi. Na daɗe ina zana lalle, har bayana ya riƙe, kafin na iya sa wata ƙawata ta saya mini ita a Yamai.

Ku yarda da ni, abu mai kyau daban yake. Da bakin pinso, ɗan burushin shafawa, kawai za ki taɓa, kalar ta hau. Ba ta zubowa a kumatu, ba ta taruwa a lanƙwasar ido. Na gwada ta a fuskata ranar kasuwa cikin zafin Afirilu, na yi gumi har hijabina ya jiƙe, na dawo bayan la'asar na duba madubi, tana nan kamar yanzu na shafa. Ba ta wari, ba ta ƙaiƙayi. Madam Aziza ta koya mana cewa ido ba ya yafe ƙazanta, don haka ko ni mai ita ban taɓa sa mata yatsa ba. Pinso nake wankewa, in shanya a inuwa, in goge murfin da auduga da alkol mai kashe ƙwayoyin cuta, in naɗe ta a farin ƙyalle in sa ƙasan akwatina. Kuma a lokacin na samu amaryata ta farko ta gaske, Shamsiyya, 'yar wani babban gida a Keita. Sun ga hotunan gwajina a waya suka ce ni suke so.

Sai Mahamud.

Mahamud ɗan garinmu ne, fatauci yake da albasa, yana lodi a Madawa ya kai Gana. Dogo ne, ba ya hayaniya, shaddarsa kullum a goge, turarensa yana riga shi shigowa zaure. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya kwanta mini. Yana turo saƙo da safe, "Kin tashi lahiya, gimbiya?" in yi ta murmushi ina shara. Goggo Zali kuwa kamar ita za a aura. In ya aiko da tsaraba ita take buɗewa, ita take rabawa maƙwabta, ita take bada labarin tirelolin da yake cikawa. An riga an tsayar cewa kawunnansa za su zo gaisuwar iyaye wata Juma'a, Baba ya ba Goggo da wani ƙaninsa wuƙa da nama.

Wata safiya ina gyara kayan aikina a tsakar gida sai ga sallamar Mansura, ƙanwar Mahamud. Ta sha leshi ruwan goro, mayafi a kafaɗa, tana taunar cingam. Bayan gaisuwa idonta ya sauka a kan palet ɗin.

"Wagga ta wace iri ta? Ban gani."

Na buɗe mata daga nesa.

"Ke, wagga ta yi kyau. Jibi muna da suna Garhanga, matar yayanmu ta haihu. Ki ara mini in hita kunya."

Na ce, "Mansura, ba a aron ta. Abin ido na. In kina so in zo da kaina in yi miki kwalliyar, ke da maijegon, kyauta."

Ta tsuke baki. Goggo Zali da ke gindin itacen bedi tana jan carbi ta ɗago.

"Hiddausi, mi nike ji haka? Ƙanwar mijinki ta roƙe ki kwalli ki hana ta?"

"Goggo, ba kwalli ba na. Kuma ba a ɗaura ba tukuna."

"Rufe mini baki. Gidan da za ki shiga, da rowa za ki hwara?"

Mansura ta fita tana kaɗa mayafi. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara. Mahamud ne. "Gimbiya, Mansura ta ce kin hana ta abu. Ki ba ta mana, don ni. Kwana guda na."

Don ni. Kalmar nan ce ta kashe mini jiki. Da yamma na kai mata har gida, na haɗa mata da pinso guda mai tsabta, na ce don Allah ita kaɗai, kada ta sa yatsa, kada ta bari a rana. Tana ta cewa to, to, idonta a kan waya.

Kwana guda ya wuce. Aka sha suna aka watse, shiru. In na kira ta ce tana Garhanga, in na sake kira ta ce ta bari a jakar wata. Bikin Shamsiyya kuwa yana matsowa. Sai da mako ya zagayo wata maƙwabciyarsu ta leƙo gidanmu ta miƙo mini baƙar leda, wai in ji Mansura, an gode.

Tun daga ledar na san babu lafiya. Tana maiƙo. A ciki an haɗa palet ɗina da ragowar soyayyen naman suna da wani fanke da ya fara tsami, wai tukuici. Farin ƙyallena babu shi, pinso babu shi. Na zauna a bakin gado na buɗe murfin.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Madubin ya dusashe da shatin yatsu. Kowane gida an ƙwaƙule shi, rami a tsakiya kamar inda kaji suka yi tono. Zinaren mai haske ya farfashe ya bi sauran kalolin, mai duhun nan ta zama laka, an jiƙa ta ta bushe ta tsage. Akwai gashin ido a manne, akwai wani silin gashin kai, akwai wani abu fari busasshe a gefen jar ƙasar da ban so in san ko mene ne ba. Warin kuwa na man gyaɗa ne da gumi da yawu. Na rufe, na fita bayan ɗaki na yi ta kakarin amai.

Inna ta biyo ni da buta. Ta zuba mini ruwa na kurkure baki.

Da na dawo na hau waya, sai na ci karo da bidiyon sunan a status ɗin wata 'yar uwarsu. Ga mata cike da ɗaki, ga palet ɗina tana yawo hannu zuwa hannu kamar kwanon goro. Wannan ta lashi yatsa ta dangwala ta murza a ido, ta sake lasa ta sake dangwalawa. Waccan ta gama cin nama ko hannu ba ta goge ba ta karɓa. Wata dattijuwa idonta jawur yana ruwa, ta share kwantsa da bakin zani, ita ma ta kai yatsa. Har jaririn ba su bari ba, an ja masa gira da mai duhun, ana ta guɗa. Mansura tana tsakiya tana cewa, "Ku shahwa, ku shahwa, ta amaryarmu ta."

Na tura wa Mahamud hoton palet ɗin ba tare da na rubuta komai ba. Ya turo fuskar dariya. Bayanta ya rubuta, "Mata ke nan. Kada ki damu, gobe ina tahowa daga Madawa."

Washegari bayan azahar ya zo. Farar shadda, hula zanna, agogo yana walƙiya. Goggo ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi a zaure, ta ƙi tashi. Ya zaro wani ƙaton abu daga leda ya ajiye a gabana.

"Ga ta nan. Kasuwar Madawa na samo miki. Waccan taki kala nawa gare ta? Wagga dibi, ta ninka ta."

Faɗinta ya kai faranti. An zana wata baturiya a murfin, rubutun duk ya karkace. Na buɗe, wani wari kamar na fenti da kananzir ya bugi hancina. Ga kore shar, ga shuɗi, ga wani ja kamar jinin rago. Na ɗan goga mai ruwan ƙasar a bayan hannuna, sai ta fito fari-fari kamar allin lakkwal, na hura ta tashi. Ta zinaren kuwa tsakuwa-tsakuwa ce, tana kartar fata. Kafin mu gama gaisawa wurin ya fara yi mini ƙaiƙayi.

"Mahamud, wagga ba a sa ta ga idon mutum."

Ya yi murmushi irin na babba da yaro. "Hoda dai hoda ta, gimbiya. Duka Sin anka yi su."

"Ba ɗaya ba na. Waccan da ita nike aiki. Ina da amarya Keita."

"To ki shahwa mata wagga. Wa za shi sani?"

Goggo ta karɓe palet ɗin tana juyawa. "Kai, Allah shi yi albarka. Dibi girma. Ke ba ki iya godiya ba? An ɓata miki ƙarama an ba ki babba."

Na dube shi. Yana gyara hannun rigarsa kada ta taɓa ƙasa, mutumin da ko ƙura ba ya so a takalminsa, shi ne yake ce mini in shafa wa 'yar mutane wannan a ido ranar aurenta. Na ce na gode, don Goggo tana wurin, na tashi na shige.

Na kira Madam Aziza na tambaye ta ko akwai yadda za a ceci tawa, ko in kankare saman in fesa alkol. Ta sa na tura mata hoto. Ta ce, "Fiddausiya, wadda aka jiƙa da yawu ta mutu. Ki jefar. Kada ki kuskura ki kai ta fuskar kowa." Ta ce za ta duba ko za ta iya ara mini tata ranar bikin. Hankalina ya ɗan kwanta.

Ashe ban ga komai ba. Kwana kaɗan bayan haka mahaifiyar Shamsiyya ta kira ni da kanta. Ta gaishe ni a mutunce, sannan ta ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Mun ji labarin Garhanga."

"Wane labari, Hajiya?"

"An ce matan da sunka shahwa kwalliyarki wurin suna duk sun kamu da ciwon ido. Apolo ta bi gidan, har jinjirin an kai likita. Ana ta hwaɗin kayanki na. Ni ban ce da gangan ba, amma dangin ango sun ji, sun ce a ɗauko wata daga Tawa."

Ta ina zan fara bayani? In ce ba ni na shafa musu ba? In ce dangin wanda zan aura ne suka lashe kayana? Na ce, "Ba komi, Hajiya. Allah shi sa alheri." Ta kashe.

Ban yi kuka ba. Na zura hijabi na nufi gidan su Mansura da rana tsaka, ko takalmin kirki ban tsaya nema ba. Na same ta a ɗakinta kwance gaban fanka, ta sa baƙin tabarau, ga ƙyalle a hannu tana dannar ido. Da ta cire tabaran na kawar da kai. Sun kumbura sun yi ja, gefen ya manne da kwantsa.

"Kin ga abin da kayanki sunka yi mini," in ji ta.

"Kayana? Mansura, ki ji tsoron Allah. Na ce miki ke kaɗai. Na ga bidiyo, na ga tsohuwar da idonta ke ruwa tana dangwala. Ku kunka zuba ciwo ciki, kuma kuna yawo da sunana. An hwasa ba ni aikin Keita saboda ku."

Ta tashi zaune. "Ke, kada ki ɗora mini. Ni mi ya dame ni da hodarki? Sa ni anka yi."

"Wa ya sa ki?"

"Wanda za ki aura mana."

Na ce ƙarya take yi. Ta yi tsaki, ta lalubo wayarta a ƙarƙashin matashi, ta kusanto da ita fuska tana ƙifta ido, ta danna wani vokal, saƙon murya. Muryar Mahamud ta cika ɗakin, a natse, irin yadda yake ce mini gimbiya.

"Mansura, ji nan. Ki tahi gidansu ki aro wani akwatin kwalliya da take ji da shi. Goggonta ta ce duk duniya ba abin da ta hi so kamar shi. Ki kai shi wurin suna ki bari kowa shi taɓa, kada ki yi saurin maidawa. So nike in ga haƙurinta, in ga ko za ta ɗaga murya ga dangina. Macen da za ta zamna gidanmu sai an gwada ta. Kuma dama yawon bikin ga ba so nike ba, in abin ya lalace ta huta, ni ma na huta."

Daga nan ya yi 'yar dariya, ya ce ta gaida Hajiya, vokal ɗin ya ƙare.

Na tsaya ina kallon fankar tana juyawa. Abin da na ji ba zafi ba ne irin na wadda aka yaudara. Ƙyama ce, irin wadda na ji da na buɗe murfin nan. Duk saƙonnin safen, duk turaren, duk "don ni", sai na ji kamar an shafa mini su a jiki da yatsa mai yawu.

Na ce, "Fanka ta hana ni ji da kyau. Turo mini."

Ita a ganinta wanke kanta take yi. Ta turo, har tana cewa, "Ki ji da kyau, don ki san ba ni ba ce." Na ce Allah ya ba ta lafiya, na fito. A ƙofar gida na tsaya wajen randa na wanke hannuna, ko da yake ban taɓa komai a ɗakin ba.

A gida na tarar da Goggo Zali tana yanka albasa a faifai, za a shanya gabu. Inna tana tankaɗe a gefe. Ban yi sallama mai tsawo ba, na durƙusa na kunna vokal ɗin na ajiye wayar a tsakaninsu. Goggo ta saurara har ƙarshe, wuƙarta ba ta tsaya ba.

"To, sai mi?" ta ce.

"Goggo, ke kinka gaya mishi abin da na hi so."

"Awo, ni na. Ya tambaye ni na hwaɗa mishi. Namiji mai hankali ke nan, ba ya sayen tukunya bai ƙwanƙwasa ba. Kuma kin ci, don har godiya kinka yi mishi gabana. Da kin yi haukan da kike yi yanzu, da kin zubar muna da mutunci."

"Jinjiri na likita, Goggo. An ɓata mini suna har Keita."

"Ciwon ido yau anka hwara shi? Sati guda za shi wuce. Suna kau, sunan mace gidan mijinta yake. Wa ya taɓa cin abinci da shahe-shahen ido?"

Kamar ya san ana maganarsa, saƙo ya shigo. Na ɗauki wayar. "Mansura ta ce kin je kin yi mata hwaɗa tana kwance ba lahiya. Ban ji daɗi ba, gimbiya. Saura kaɗan ki ci jarabawa. Amma na yahe, Juma'a na nan."

Ya yafe. Na karanta sau biyu don in tabbatar idona ne ya gani.

Goggo ta kwashi faifanta ta yi bayan gida wajen shanya tana mita. Ni da Inna muka rage. Innata mace ce da za ki yi wata ba ki ji ta ɗaga murya ba, tun tasowata ban taɓa ganin ta musa wa Goggo ba. Ta ci gaba da tankaɗe, idonta a kan rariya, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Sa'ad da anka kawo ni gidan ga, ina da wata tasa da uwata ta ba ni. Goggonki ta ɗauka ta ba awaki ruwa da ita, tana kallona. Ban ce komi ba. Anka yi ta yabona, wai ina da haƙuri." Ta buga gefen rariyar. "Daga ranan ba a sake tambayata abin da nike so ba."

Ban taɓa jin wannan ba.

"Babanki na rufe shago bayan la'asar," ta ce. "Lokacin yake duba waya."

Na shiga ɗaki na tura wa Baba vokal ɗin, da hoton palet ɗina yadda take da da yadda ta dawo, da bidiyon sunan. Na yi masa bayani a taƙaice, na ce aikin Keita ma ya tafi. Sannan na zauna ina kallon wayar. Na yi sallar la'asar ban san me na karanta ba. Ina tsoro, don Baba bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba, ita ta goya shi. Kuma me zan ce in ya tambaye ni ko a kan hoda zan kori miji?

Rana ta yi sanyi, Goggo ta dawo gindin bedi, sai wayar ta yi ƙara. Baba ne. Ya ce in fito tsakar gida in sa yadda kowa zai ji. Na fito na sa. Ana jin hayaniyar motocin Abijan a bayansa.

"Zali, kina ji na?"

"Ina jin ka, Maiguwa. Yarinyar ga ce ke son ta..."

"Dakata, Yaya. Na ji muryar yaron da kunnena, na ji sunanki ciki. Wannan za mu yi ta ni da ke daga baya." Ya yi gyaran murya. "Hiddausi."

"Na'am, Baba."

"Ni ban san kan kayan kwalliya ba. Amma na san kayan sana'a. Da wani ya aiko a zuba mini ruwa cikin shago don shi ga haƙurina, na san abin da za ni kira shi. Tambaya guda za ni yi miki, kuma ke za ki amsa, ba goggonki ba, ba innarki ba. Juma'a in mutanen ga sun zo, a shimfiɗa musu tabarma, ko a bar ta naɗe?"

Goggo ta zuba mini ido, carbinta ya tsaya. Inna ta sunkuyar da kai tana tattara gari. Na tuna dogon nan mai farar shadda, na nemi ko ɗigon abin da nake ji a da, ban samu ba.

"A bar ta naɗe, Baba."

"Shi ke nan. Na ji, Allah ma ya ji. Za ni kira kawunnanai da kaina."

Ya kashe. Goggo ta miƙe tana gyara ɗaurin zani, ta ce na kashe kaina, na kashe gidan nan, in ga wanda zai sake tako zauren. Ni dai wani irin sauƙi nake ji, kamar na yi wanka bayan doguwar tafiya.

Ba ta rufe baki ba muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na san ƙarar injin ɗin, motar Mahamud ce. Na gyara hijabina, na ce a raina gara ma, in gaya masa da bakina. Amma muryar da ta yi sallama ba tasa ba ce, ta mace ce, mai kauri. Labulen zaure ya ɗaga, wata dattijuwa ta shigo cikin babban mayafi, baƙin tabarau a fuskarta, tana share gefen ido da hankici. Hajiya ce, mahaifiyar Mahamud, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa tako gidanmu ba.

Goggo ta ruga ɗauko tabarma. Hajiya ta ɗaga mata hannu, ta ƙi zama. Ta juya fuskarta a hankali daga Inna zuwa gare ni.

"Ke ce mai kwallin?"

"Ni ce, Hajiya."

"Mansura ta ce ta turo miki wata magana ta ɗana. Shi yana mota, na hana shi hitowa." Ta miƙo hannu. "Kunna mini in ji."